Yadda Ake Rage Zafin Allurar Barci a Jijiya

Allurar barcin da aka fi amfani da ita a ɗakunan tiyata na duniya a yau ita ce furofofol, wani farin ruwa mai kama da madara da ake turawa ta jijiyar hannu. Kafin minti ɗaya ya cika mutum ya yi barci, idan an gama aiki kuma ya farka da wuri, kansa garau, ba yawan tashin zuciya. Aibinta da kowane ma'aikacin tiyata ya sani shi ne zafi. Idan ba a yi wata dabara ba, kimanin mutum shida cikin goma suna jin ƙuna ko zugi yana hawa daga bayan hannu zuwa gwiwar hannu yayin da maganin ke shiga, wasu har su fizge hannu ko su yi ƙara. Zafin ba ya daɗewa, amma shi ne abu na ƙarshe da majiyyaci ya ji kafin hankalinsa ya gushe, kuma da yawa suna riƙe shi a rai bayan sun manta sauran abin da ya faru a ɗakin. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1999, ƙwararrun likitocin sa barci sun jera ƙananan matsaloli 33 da ke samun majiyyata gwargwadon yawansu da muhimmancinsu, wannan zafi ya zo na bakwai.

Inda zafin ya samo asali

John Glen, likitan dabbobi ɗan Sikotlan da ke aiki a kamfanin ICI na Birtaniya, shi ne ya gano amfanin furofofol a shekarun 1970, aikin da ya kai shi ga samun lambar yabo ta Lasker a 2018. Matsalar farko ita ce maganin ba ya narkewa a ruwa. Sinadarin da aka fara narkar da shi a ciki ya jawo wa wasu mummunan borin jini, aka janye shi. Sai a 1986 ya fito kasuwa da sunan Diprivan, an dama shi da man waken suya da giliserin da wani sinadari na ƙwanduwar ƙwai, haɗin da ya ba shi farin launi. Mafi yawan maganin yana ɓoye cikin ƙananan ɗigon mai, amma ɗan kaɗan yana yawo a ɓangaren ruwan, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ne ke taɓa bangon jijiya.

Zafin iri biyu ne. Akwai wanda ake ji nan take, saboda maganin ya tsokani ƙananan jijiyoyin jin zafi da ke jikin bangon jijiyar jini. Akwai kuma wanda ke zuwa bayan daƙiƙa goma zuwa ashirin, wanda ake dangantawa da sinadaran kumburi da jiki ke saki a wurin. A ƙaramar jijiya jini yana tafiya a hankali, saboda haka maganin yana goge bango da cikakken ƙarfinsa. A babbar jijiya kuwa jini ya rinjaye shi ya wuce da shi. Duk dabarun rage zafin suna komawa ga abu uku: a haɗa maganin da jini mai yawa, ko a kashe jin bangon jijiyar kafin ya iso, ko a rage ɓangaren nan da ke yawo a ruwa.

Zaɓen jijiya

Aikin yana farawa tun lokacin sa kanula, wato ɗan bututun da ake sawa a jijiya don tura magani. A 2011 mujallar BMJ ta buga nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 177 da aka yi a kan manya fiye da 25,000. A cikin dukkan dabarun da aka gwada, amfani da babbar jijiyar lanƙwasar gwiwar hannu maimakon ta bayan hannu shi ne ya fi kowanne, domin ya rage yiwuwar jin zafi da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Duk da haka ba kowane ma'aikaci ke son wannan wuri ba, kuma yana da hujja. Idan majiyyaci ya lanƙwasa hannu bayan tiyata, kanula na iya toshewa. Babbar jijiyar da ke bugawa, wadda ke kai jini zuwa hannu, tana kwance a kusa ta ɓangaren ciki, wanda ke kusa da jiki, da wata jijiyar motsi da ji a gefenta. Idan ruwa ya zube ƙarƙashin fata a nan, ba a saurin ganewa. Shi ya sa gogaggu kan nemi jijiyar da ke ɓangaren babban yatsa, ko dai a gefen lanƙwasar ta waje, ko a tsakiyar hannu tsakanin wuyan hannu da gwiwa, inda jijiyar take da kauri kuma take miƙe. Kafin a soka, ana ɗora yatsa a ji. Jijiyar da ke bugawa ba a taɓa ta.

Sau da yawa majiyyaci yana zuwa daga ɗakin kwanciya da kanula a bayan hannu, wadda aka sa tun jiya ko shekaranjiya. Irin wannan sai an gwada ta. Ana tura ruwan gishirin asibiti kamar mililita 5 zuwa 10, ido na kan fatar wurin da kuma fuskar mai hannun. Idan ruwan ya shige salin alin, babu kumburi babu yamutsa fuska, za ta yi. Idan ruwan gishiri kaɗai ya sa shi ya ce wash, bangon jijiyar ya riga ya kumbura, furofofol kuwa zai ninka abin. Gara a sa sabuwa.

Shirya magunguna

Lidoken shi ne ginshiƙin wannan aiki. Maganin kashe zafi ne da Nils Löfgren ya haɗa a Suwidin a 1943, aka sayar da shi da sunan Xylocaine, kuma ana samunsa a kusan duk asibitin da ake ɗinkin rauni. Nazarin Cochrane na 2016 ya nuna cewa yana saukar da yawan masu jin zafin furofofol daga kusan kashi 64 zuwa kusan kashi 30 cikin ɗari, masu jin zafi mai tsanani kuma daga kusan kashi 38 zuwa kusan kashi 12.

Abu biyu ake dubawa a jikin kwalba, kuma ana karantawa ne, ba a dogara da launin murfi. Na farko, kada ya zama wanda aka gauraya da adirenalin, domin wannan na allurar fata ne, idan ya shiga jijiya yana tayar da bugun zuciya da hawan jini. Na biyu shi ne ƙarfinsa. Mai kashi 1 cikin ɗari yana ɗauke da miligiram 10 a kowace mililita, mai kashi 2 yana ɗauke da miligiram 20. Awon da aka saba shi ne rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin mutum, a aikace kuma manya kan sami miligiram 20 zuwa 40. Ana zuƙe shi a ƙaramin sirinji, a rubuta sunansa a jiki.

Furofofol kuma ana zuƙarsa ne dab da amfani, bayan an goge wuyan kwalbar da sifirit. Man da ke cikinsa abinci ne ga ƙwayoyin cuta. A farkon shekarun 1990 an sami ɓarkewar cutar jini a wasu asibitocin Amurka, aka gano cewa daga sirinjin da aka zuƙa aka ajiye ne, ko aka yi wa mutum fiye da ɗaya amfani da shi. Sirinji ɗaya na mutum ɗaya ne, abin da ya rage a zubar.

Mintin ɗaurin hannu

Idan jijiyar bayan hannu ce kaɗai ake da ita, dabarar da ta fi aiki ita ce a tsare lidoken a cikin jijiyar na ɗan lokaci kafin a tura maganin barci. Tushenta tsoho ne. A 1908 likitan tiyata na Jamus August Bier ya nuna cewa idan aka ɗaure hannu aka zuba maganin kashe zafi a jijiya, hannun yana mutuwa har a yi masa aiki. Abin da ake yi a nan ƙaramin samfurin wancan ne, ana son bangon jijiya ɗaya kawai ya daina ji. Nazarin da Picard da Tramèr suka buga a 2000 ya ba da shawarar a ɗaure hannu na daƙiƙa 30 zuwa 120. A faɗe abu ne mai sauƙi, amma a nan ne ake bambanta wanda ya iya da wanda ya ji labari.

Da farko ana rufe ƙarin ruwa. Idan aka bar leda tana ɗiga, ruwan zai tsinka lidoken, idan kuma jijiya ta cika sai jini ya biyo robar ƙari ya hau sama, ya kwashi maganin ya fita da shi. Daga nan a ɗaura roba a hannu, kamar faɗin tafi ɗaya sama da inda bakin kanula ya tsaya. Idan aka kai ɗaurin can saman gwiwa, maganin zai watsu cikin jijiyoyi da yawa ya rasa ƙarfi. Idan aka ɗaura a kan bakin kanular, an toshe hanyar.

Ƙarfin ɗaurin shi ne wurin da hannu ke nuna gwaninta. Ana son a tsayar da jinin da ke komawa zuciya, a bar wanda ke shigowa. Ɗauri sako-sako ba ya riƙe komai, lidoken ya sulale ya tafi, a ƙarshe an yi allura biyu an sami ladan ɗaya. Ɗauri tamau kuma shi kansa ciwo ne, yana tsayar da jinin da ke shigowa, ga tsoho mai siririyar fata har ya bar shaida. Alamar daidai ita ce jijiyoyin bayan hannu su ɗan taso, bugun wuyan hannu kuma yana nan ana jin sa da yatsa. Mai son tabbaci sai ya yi amfani da ɗamarar awon jini ta hannu, ya hura ta zuwa 50 ko 70, ya tsaya. A wasu ɗakunan mataimaki ne ke zagaye hannun da tafinsa ya matse, kuma wannan ma yana aiki idan bai sassauta ba. Ɗamarar na'urar da ke awon jini da kanta ana kai ta ɗaya hannun, domin kada ta hura a tsakiyar aiki.

Sai a tura lidoken a hankali, ta ƙofar da ta fi kusa da fata. Wannan ma yana da dalili. Doguwar robar ƙari tana iya shanye mililita biyu gaba ɗaya, ma'aikaci ya ɗauka magani ya shiga alhali yana kwance cikin roba. Idan dole ta nesa za a tura, a bi shi da ɗan ruwan gishiri daidai abin da zai kai shi jijiya, ba wanda zai wanke shi ba. Turawa da ƙarfi cikin jijiyar da aka ɗaure kuma na iya fasa ta ko ya sa ruwa ya tsattsafo ta gefen kanula.

Daga nan sai jira. Minti ɗaya ne, amma a ɗakin da likitan tiyata ya riga ya wanke hannu yana tsaye, ga jerin masu jiran aiki a waje, mintin yana da tsawo. Wanda ya ƙirga da ka yakan saki a daƙiƙa goma sha biyar yana ganin ya cika. Agogon bango ake kallo. Gwani ba ya asarar wannan lokaci, domin dama ana buƙatar kamar minti uku majiyyaci yana shaƙar iskar oksijin kafin a sa shi barci, sai ya sa mintin ɗaurin a cikin waɗannan ukun. Sauri kan haifi nawa: majiyyacin da ya fizge hannu kanula ta fita ya jawo jinkirin da ya fi minti ɗaya nesa ba kusa ba.

Kuskure mafi haɗari yana zuwa a ƙarshe, wato a manta ba a kwance robar ba, musamman idan mayafin tiyata ya rufe ta. Furofofol sai ya taru a hannu, ya yi ƙuna mai tsanani, majiyyaci kuma ido biyu. Ma'aikacin da bai lura ba yana iya zaton awon ne ya yi kaɗan ya ƙara. Lokacin da aka kwance, duk maganin ya afka wa zuciya da ƙwaƙwalwa a tare, jini ya faɗi, numfashi ya tsaya. Saboda haka ƙa'idar ita ce a kwance roba, a cire ta daga hannun gaba ɗaya, a buɗe ƙarin ruwa a ga yana gudu, sannan a ɗauki farin sirinji. Ba a jinkirta tsakanin kwancewa da turawa, domin jinin da ya dawo yana fara wanke lidoken.

Tura maganin barci

Babba mai lafiya yakan buƙaci miligiram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi ga kowane kilo, tsoho ko mai rauni kuma ƙasa da haka sosai. Ana fara tura ɗan kaɗan, a dubi fuska da yatsu, sannan a ci gaba kashi-kashi, ruwan leda yana gudu yana rakiyar maganin.

Abin da ake faɗa a wannan lokaci yana cikin aikin. Bincike ya nuna cewa gargaɗi da kalmomi masu ban tsoro yana ƙara zafin da mutum ke ji daga allura. Ba a yin ƙarya a ce babu abin da za a ji, ba a kuma cewa za ta yi zafi sosai a daure. Ga dattijo akan ce, "Baba, za ku ji ɗan ɗumi ko sanyi yana hawa hannu, maganin ne ke aiki, ku ci gaba da jan numfashi." Ga mace akan ce, "Hajiya, ina nan tare da ke, yanzu barci zai zo." Mataimaki yana dafa hannun a hankali, wani lokaci yana shafa shi sama da kanula. Wanda yake son yin addu'a a ba shi dama ya gama.

A manyan asibitocin gwamnati da yawa na Najeriya da Nijar, ma'aikatan jinya da suka ƙware a sa barci ne ke riƙe da wannan aiki, domin likitocin fannin ba su da yawa kuma sun fi taruwa a asibitocin koyarwa. Majiyyaci bai cika sanin sunansu ba, godiya ta kan tafi ga mai wuƙa. Amma a tsakaninsu sun san juna da irin waɗannan ƙananan abubuwa, kuma wanda majiyyatansa ke yin barci ba tare da motsa yatsa ba yana da daraja a idon abokan aikinsa.

Idan ɗauri bai dace ba

Ba kowane hannu ake ɗaurewa ba. Hannun da aka haɗa wa jijiya don wankin ƙoda ba a taɓa shi, haka hannun ɓangaren da aka yi wa mace aikin kansar nono aka cire kaluluwar hammata. Ga masu ciwon sikila, waɗanda suke da yawa a Najeriya, an fi son kauce wa duk abin da zai tsayar da jini a gaɓa ba bisa larura ba. A aikin gaggawa kuma babu mintin da za a bayar.

A irin wannan hali ana gauraya lidoken da furofofol a sirinji ɗaya. Takardar maganin ta Amurka ta iyakance haɗin a miligiram 20 na lidoken cikin miligiram 200 na furofofol, domin fiye da haka yana sa ɗigon man su dunƙule su yi girma, abin kuma yana ƙaruwa da daɗewar ajiya. Ana haɗawa ne a tura nan take. Wannan hanya ba ta kai ɗauri ƙarfi ba, amma ta rage zafin da fiye da rabi.

Akwai kuma abin da ake bayarwa tun kafin nan. Ɗan ƙaramin awon maganin zafi na fentanil minti biyu zuwa uku kafin allurar barci yana rage zafin da kusan rabi, kuma dama yana cikin tsarin sa barci na mafi yawan ayyuka. Inda babu shi, ɗan ketamin kaɗan yana yin kusan haka, kuma ketamin ba ya wuyar samu a asibitocin karkara. Wasu kamfanoni suna dama furofofol da wani haɗin mai da ke rage ɓangaren da ke yawo a ruwa, irin su Propofol-Lipuro, zafinsa ya fi sauƙi. Haɗa dabara biyu, misali fentanil da lidoken, ya fi dogaro da ɗaya. Sanyaya maganin a firiji ko ɗumama shi an gwada, ba su ba da sakamako tsayayye ba.

Yara sun fi manya jin wannan zafi saboda ƙanƙantar jijiyoyinsu. Man shafawa na EMLA, idan an shafa awa ɗaya kafin lokaci aka rufe, yana kashe zafin soka kanula, amma ba ya kai wa cikin jijiya, saboda haka har yanzu ana buƙatar lidoken da aka auna da nauyin yaron. Ƙananan yara da dama ana fara sa su barci da iskar shaƙa, a sa kanula bayan sun yi barci.

Zafin da ba na yau da kullum ba

Rage zafi ba ya nufin a daina sauraron sa. Zafin furofofol da aka sani yana hawa sama ne, daga kanula zuwa kafaɗa. Zafin da ya tsaya wuri ɗaya tare da kumburi da taurin sirinji yana nufin magani na zuba ƙarƙashin fata. Zafi mai tsanani da ya gangara ƙasa zuwa yatsu, hannu ya yi fari, yana nufin kanula tana cikin jijiya mai bugawa. A duka biyun ana tsayawa nan take. Wannan ya fi muhimmanci da tayofental, tsohon maganin barci da aka fara amfani da shi a 1934. A jijiyar da ta dace ba ya yawan yin zafi, saboda haka duk ƙorafin da aka yi a kansa abin ɗauka ne da gaske. Idan ya shiga jijiya mai bugawa yana iya toshe ta har a rasa yatsu. A nan ba a zare kanular, ana barin ta domin ta nan za a ba da maganin ceto, a kira babba.

Wasu magungunan ma suna ƙuna. Etomidet da diyazifam, wanda aka fi sani da Valium, idan an narkar da su a sinadarin furofilin gilaikol suna yin zafi kuma suna iya barin jijiya a kumbure kwanaki, nau'insu da aka dama da mai ya fi sauƙi. Rokuroniyom, maganin saki tsoka, yana sa hannu ya janye ko bayan mutum ya fara barci, shi ya sa ake jira barci ya yi nauyi, a wanke robar ƙari da ruwan gishiri, sannan a ba da shi. Wankewar dole ce bayan tayofental, domin idan ya haɗu da rokuroniyom suna daskarewa su toshe kanula.

Bayan tiyata ana duba wurin allurar ko akwai ja ko tauri a bin jijiyar, a tambayi majiyyaci ko ya ji zafi lokacin shiga barci. Amsarsa, da jijiyar da aka yi amfani da ita, da dabarar da aka bi, ana rubuta su a takardar sa barci, domin wanda zai sa shi barci a gaba ya san abin da ya yi masa aiki.